Ninja 400 a cikin garin Garwa, sai mai sanyin hannu

Masu tambaya ko Kawasaki Ninja 400 za ta yi a gari irin namu, eh za ta yi, amma fa sai hannunka na dama ya koyi ladabi. Moto ce mai 399cc, silinda biyu, giya 6, ta fito 2018 ta gaji Ninja 300, tankinta lita 14, nauyinta wajen kilo 168 in an cika mai. A kan gudron, wato titin kwalta, kuwa ba magana, ka haye gadar Binuwai ko ka miƙa hanyar Pitoa da sassafe wlh kamar ba ta taɓa ƙasa.

Inda ake gane direba shi ne cikin cunkoso. Wanda ya saba da ƙananan moto masu kafireta na 'yan kilando, wato masu haya da moto, ya saba murɗa totur yadda ya ga dama inji ya biyo shi a hankali. Wannan injekta ce, abin da ka murɗa shi take ba ka nan take, ka saki kuma inji ya riƙe ta da kansa, shi ya sa za ka ga sabon shiga a giya ɗaya wajen babbar kasuwa yana ta dungure gaba da baya, hularsa na bugun ta wanda ya goya. Duk moto na gudu haka suke a giya ɗaya, ba lalacewa ba ce, kar wani makanike ya ce zai buɗe maka inji.

Ni abin da ya sa na yaba ta shi ne kuloci. Taushi gare shi sosai, da yatsa biyu ma kana ja, to sai ka bar totur a waje ɗaya kaɗan sama da silo, wato yadda inji ke aiki in ba ka murɗa ba, kar ka yi ta murɗawa kana saki, saurin tafiyar ka riƙa daidaita shi da kuloci, ƙafarka kuma tana ɗan taɓa birkin baya, haka za ka bi bayan amalanke daga Yelwa har kasuwa ba tare da ka sa ƙafa ƙasa ba. Birkin gaba a irin wannan tafiyar, kana cikin karya kwana ga yashi a bakin titi, faɗuwa ce kawai. Da zarar ta ɗan motsa ka sa giya biyu, ta fi haƙuri nesa ba kusa ba. Kuma ka matse tanki da gwiwa, don in nauyinka ya sauka kan hannu, kowane rami ka faɗa totur ne zai murɗu ba da saninka ba, ramuka kuwa ba sai na faɗa wa mai bin hanyar Marwa ba. Kulocin nata irin wanda ke ɗan zamewa ne in ka rage giya da ƙarfi, tayar baya ba ta saurin tsalle.

In fizgar ta yi yawa duba sarƙa tukuna, ƙurar nan tamu tana cin ta, in ta saki sai ka ji kaf-kaf duk sanda ka ba da wuta. Wayar totur ma wasanta kar ya wuce milimita 2 zuwa 3.

Zafi kam akwai shi, a watan Afrilu da rana ta haura digiri 40 fanka na tashi ka ji iskar inji a ƙafa. Cikinta ma kusa da ƙasa yake, santimita 14, lungunan unguwa da damina ba nata ba ne. Sannan don Allah a bar zuba mata zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa na kwalba a bakin hanya, injekta ba ta shiri da datti, a je gidan mai. Wanda aikinsa ɗaukar buhu da fasinja ne ya riƙe kuɗinsa ya sayi ƙarama.