Wata Tara da AT-VM95E a Kan Garmahon Baba

Bari in fara da faɗin irin faya-fayan da nake da su, don da su na auna AT-VM95E, kan garmaho mai riƙe da allura da na saya. Ba sababbi ba ne da aka ɓare daga leda. Gadon mahaifinmu ne, sun kai 70, suna kwance a adaka a ɗakin Hajiya tun rasuwarsa. Ƙananan masu gudun 45, wato masu juyawa sau 45 a minti, sun fi yawa, na kalangu da kuntigi da goge, sai manyan LP na hailaif da na Indiya kamar 20. Garmahon kuwa Pioneer PL-12D ne, ƙirar Japan ta shekarun 1970, mai juyawa da bel. Da na ɗaga murfinsa sai na tarar da sule ɗaya manne da salatif a kan hannun, daidai saman allura. Dabarar Baba ke nan ta hana faifai tsalle.

Na ɗauke shi na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda tun zamanin da garmaho ke tashe yake wannan sana'a. Ya canza bel, ya ɗiga mai, sannan ya ɗauko gilashin da yake duba ƙananan wayoyi ya ƙura wa allurar ido.

"Ɗana, wannan ta mutu tun kana goye," in ji shi. "Duk faifan da ka ɗora mata yanzu, huɗa za ta yi masa. Ka cire sulen nan, ka nemo sabon kai."

Kan da yake nufi shi ne ɗan akwatin nan da ke manne a bakin hannun garmaho, wanda masu sayarwa ke ce wa katirij. Ni gidan allura nake ce masa. A fuskar faifai akwai kwari guda ɗaya tal, siriri, da ya naɗe tun daga gefe har tsakiya, kuma sautin yana rubuce ne a lanƙwashe-lanƙwashen bangonsa biyu. Ƙwayar daimon da ke bakin allura tana bin kwarin tana rawa, wani siririn tsinke yana kai rawar cikin gidan, a can ne take komawa lantarki. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. A cikin MM, mayen ƙarfe ne ke motsi kusa da naɗin waya. A cikin MC, naɗin wayar ne ke motsi, mayen ƙarfen yana tsaye.

Wannan zaɓi bai ɗauke ni lokaci ba. Na yi ta karanta yabon Denon DL-103, wanda aka ƙera wa gidan rediyon Japan tun 1962 kuma har yau ana yin sa, amma MC ne. Wutar da yake fitarwa milibolt 0.3 ce kacal, alhali kafar garmaho ta amfilifayata an yi ta ne don MM masu fitar da milibolt 3 zuwa 5. Sai na ƙara sayen wata na'ura a tsakani. Abin da ya fi wannan ma, in allurar MC ta cinye ba ka iya zare ta da hannu ka sa wata, sai a mayar wa masu ƙira ko ƙwararre. Ga wanda duk abin da zai saya sai an yi masa oda daga waje ya jira makonni, wannan magana ta mutu tun a nan. Dattijon nan shi Shure ya sani, shi yake ta ambata, sai da na gaya masa kamfanin ya daina yin kan garmaho tun 2018. Ya yi salati ya ce duniya ke nan.

A nan ne na yi wautar da ya kamata in faɗa. Na ga wani mai arha a intanet, ba suna ba lamba a jikinsa, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa daidai yake da na manyan kamfanoni. Da ya iso, tsinken allurar a karkace yake, ido ma yana gani, sifika ɗaya tana ihu ɗaya tana raɗa. Faifai biyu na ɗora masa na cire. Arha dai ba ta ado, kuma kuɗin sun tafi.

Daga nan na tsaya a kan guda uku: Ortofon 2M Red na Denmak, Nagaoka MP-110 na Japan, da Audio-Technica AT-VM95E, shi ma na Japan. Dukansu kafar MM suke shiga, dukansu bakin allurarsu mai siffar ƙwai ne. Abin da ya ja ni ga na ukun ba arharsa kaɗai ba ce, ko da yake shi ne mafi sauƙin kuɗi a lokacin. Gidan VM95 guda ɗaya ne, amma allura shida ke shiga cikinsa, kowace da launinta: shuɗiya mai mulmulallen baki, koriya mai siffar ƙwai wadda VM95E ke zuwa da ita, ruwan lemo, ja, ruwan ƙasa, da ruwan toka ta tsofaffin faya-fayai masu gudun 78. Ka ɗaura gidan sau ɗaya, ka daidaita shi, daga nan sai dai ka zare wannan ka tura waccan. Ortofon ma yana ba da damar hawa daga Red zuwa Blue a gida ɗaya, amma ni ba hawa sama nake hange ba. Ina zargin faya-fayaina za su buƙaci in sauko ƙasa, kuma zargin ya tabbata.

Ɗaurawa ta ci mini yammaci guda. Abin da na fara yaba masa shi ne ramukan sukurun suna da zare a jikin gidan, ba sai ka riƙe ɗan noti kamar ƙwayar gero da yatsa biyu kana murɗawa ba. Wayoyi huɗu ne a baya: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. Na tsinke koren da kaina, don na ja shi da filaya maimakon in kama bakin ƙarfen da hantsaki, sai da na koma wajen dattijo ya liƙe mini da dalma yana dariya. Sai batun nauyi. Kamfanin ya ce a sa tsakanin giram 1.8 da 2.2, kuma 2.0 ne daidai. Lambobin da ke jikin dunƙulen ƙarfen bayan hannu sun kusa shekara 50, ban yarda da su ba, na sayi ɗan sikelin allura mai batir. Don sha'awa na mayar da sulen Baba na auna: nauyin ya ninka abin da ake so fiye da sau biyu. Nan na gane dalilin da wasu ƙananan faya-fayan suka yi furfura a cikin kwarinsu. Allah ya jiƙan Baba, ya so kiɗa, kiɗan ne ya sha wuya a hannunsa.

Mutane da yawa suna tsoron nauyi sai su rage shi ƙasa da ƙa'ida, wai suna tausayin faifai. Kuskure ne. Allurar da ba ta zauna daram ba tana karo da bangon kwari tana gwaguyarsa, ɓarnarta ta fi ta wadda aka ɗan ƙara wa nauyi. Na bar tawa a 2.0, na sa abin da ke hana hannun garmaho zamewa zuwa tsakiyar faifai shi ma a 2.

Daidaita fuskar gidan shi ne ya fi ba ni wahala, kuma laifin ba na kowa ba ne sai takarda. Akwai ma'aunin da ake bugawa a takarda, mai ɗigo biyu, ɗaya a milimita 66 daga tsakiyar faifai, ɗaya a wajen 121. Sai allura ta sauka a kan kowane ɗigo, gidan kuma ya yi daidai da layukan da aka zana. Na yi awa guda ina turawa gaba ina ja baya, in wannan ya yi wancan ya ƙi. Ashe yaron da ya buga mini takardar ya bar firinta ta rage girmanta don ta cika shafi. Duk wanda zai yi wannan aiki, ya ɗora rula a kan takardar kafin ya taɓa sukundireba.

To, sauti fa? Na fara da LP ɗin hailaif mafi lafiya a adakar. Abin da ya fara kama ni shi ne kowane kayan kiɗa ya samu wurin zamansa. Ƙahonnin busa suna gefe guda, jita tana ɗaya gefen, mai waƙa a tsakiya kamar yana tsaye bakin tebur. Ƙasan sautin a ɗaure yake, ba ya yin bum-bum ɗin da ke cika ɗaki ba tare da ka gane me ake kaɗawa ba. Samansa a buɗe yake, kacau-kacau da kuge suna fita tsaf. Wanda ya saba da sauti mai laushi da duhu zai ji shi da ɗan haske da farko. Ni bayan mako biyu ko uku na ji ya ƙara kwanciya, ko robar da ke riƙe da tsinken ce ta saki jiki, ko kunnena ne ya saba, wataƙila duka biyun. A wannan kuɗi, a kan faifai mai lafiya, ban da abin cewa.

Da na koma kan ƙananan 45 na kalangu, waɗanda saboda su na fara duk wannan hidima, sai labari ya sha bamban. Allura mai siffar ƙwai siririya ce ta gefe, shi ya sa take shiga ƙananan lanƙwasa ta ɗauko abin da mulmulalliya ke tsallakewa. Amma ba ta san bambancin kiɗa da tabo ba. Duk ƙarzuwar da sule da tsohuwar allura suka yi shekara da shekaru, ta kwaso ta kawo mini. Muryar mawaƙi tana nan, amshi yana nan, amma kamar ana suyar gyaɗa a bayansu. Hajiya tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta saurara kaɗan ta ce, "Kai Auwalu, da can ba haka yake ba. Ko ruwa ake yi a cikin abin?"

Sai na yi odar shuɗiyar, AT-VMN95C, wadda ita ce mafi arha a gidan gaba ɗaya. Canzawa bai kai minti ɗaya ba: ka kama gefenta biyu, ka ja ƙasa, ka tura sabuwar har ta zauna, nauyin ma 2.0 ɗin ne bai canza ba. Suyar ba ta ɓace ba, kada in yi ƙarya, amma ta koma can baya. Kalangun ya yi jiki, ana jin yadda makaɗi ke matsa tsarkiya sautin ya hau ya sauka kamar magana, muryar ta matso gaba ta yi kauri. Abin da aka rasa shi ne ɗan ƙyallin sama, wanda dama yawancin waɗannan faya-fayan, da yake sauti ɗaya aka ɗauke su ba na hagu da dama ba, ba su da shi da yawa. A wannan karon Hajiya ba ta ce komai ba, sai na ga ta ajiye carbin tana bin amshin a hankali, har da baitin da ni ban taɓa ganewa ba.

Inda shuɗiyar ke nuna iyakarta shi ne waƙar ƙarshe ta LP. Can kusa da tsakiya da'irar ta ƙanƙance, kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura da ƙasa da rabin gudun da yake yi a gefe, don haka lanƙwasar a cunkushe take. Mulmulallen baki ba ya iya bin ta sosai, sai ka ji harafin "s" na mawaƙiyar Indiya yana tsagewa. Koriyar ta fi ta a nan nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma takan ɗan yi a faifai mai ƙarfin murya. Wannan halin siffar allura ne, kowane kamfani ya yi ta. Maganinsa ita ce jar, mai baki kamar kaifin wuƙa, amma kuɗinta ya ninka na koriyar fiye da sau biyu, kuma tana son a daidaita ta ba kuskure ko kaɗan. LP 20 ba su kai in yi wannan kashe kuɗi ba tukuna.

Abu biyu sun sa na zargi gidan allurar a banza. Na farko, da hunturu ya shigo sauti ya dusashe kamar an rufe sifika da bargo. Da na duba da tocilan, wani ɗan curin ƙura ne ya naɗe bakin allurar. A busasshiyar iska faifai yana tara lantarki a jikinsa, kana zaro shi daga riga kana jin ƙas-ƙas, ƙura kuwa tana bin sa kamar ƙuda da mangwaro. Yanzu kowane gefe sai na share faifan da burushi, allurar kuma in shafe ta daga baya zuwa gaba, ba a yin ta gefe. Masu dattin gaske na wanke su da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba, da ɗigon sabulun ruwa, na jingine su a inuwa, don rana tana lanƙwasa su. Na biyu, wani dare na ji muryar mawaƙi tana lilo, tana hawa tana sauka. Ashe a janareta muke. Motar wannan garmaho da bugun wutar gida take auna gudunta, 50 a daƙiƙa, in janareta ya yi sama ko ƙasa ita ma sai ta bi shi. Tun daga ranar ba na kunna shi sai da wutar gari ko inbata mai kyau.

Kamfanin ya ƙiyasta wa koriyar kamar awa 300, shuɗiyar 500, jar kuma 1000. Tunda daimon ba ya nuna tsufansa ga ido tsirara, na ajiye ɗan littafi kusa da garmahon ina jan layi ɗaya duk gefen LP da na saurara, ina lissafa shi minti 20, ƙananan kuma biyar-biyar nake haɗa su. A wata tara koriyar ba ta kai awa 40 ba, shuɗiyar ta haura 100.

Wanda faya-fayansa sababbi ne ko masu tsabta, ya sayi VM95E kai tsaye, ya haɗa da sikeli. Wanda nasa irin nawa ne, na adaka da suka sha sule, da zan sake daga farko VM95C, wato gidan da ke zuwa da shuɗiyar allura, zan fara saya, in ƙara koriyar daga baya, da na rage kuɗi da jiran oda. A ƙasan adakar akwai wasu faya-fayai huɗu masu nauyi, masu gudun 78, irin masu fashewa in sun faɗi. Kwarinsu ya fi faɗi, allurar ruwan toka suke so, kuma ba a kusantar su da sifirit don yana narkar da su. PL-12D kuwa 33 da 45 kawai yake juyawa, don haka na naɗe su a tsohon zanen Hajiya na mayar, dattijo ya ce zai cigita mini wanda ke da gudun.