Sukurin birki ya cije: mai ko wuta?

Ɗan'uwanmu na Agege ya ce sukurin fitar da iska na birkin gaban Corolla ɗinsa ya ƙi motsi, yana tambaya ko ya jiƙa shi da mai ko ya sa masa wuta.

Malam, tsatsa ce ta riƙe shi. Tokunbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su, da yawa daga Kanada da arewacin Amurka suna zuwa ne gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ƙasansu, ga kuma ruwan damina da muke kutsawa a Legas.

Mai ba ya son gaggawa. Kankare wurin da buroshin waya, fesa WD-40 ko wani mai ratsa tsatsa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa da ƙaramar guduma, ka sa soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daram, yawanci lamba 8 ko 10. Fara ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan ka kwance, gaba da baya. Sifana mai buɗaɗɗen baki ko fulaya cinye kan sukurin za su yi. Asararka a nan kwana ɗaya ce kawai.

Wuta ta fi sauri, don ƙarfen da ke kewaye yana buɗewa ya saki tsatsar. Sai dai man birki yana kamawa, robobin cikin kalifa, ƙarfen da ke matse birkin wanda sukurin ke jikinsa, suna ƙonewa, ga tiyo kusa. Ni ba na yarda da ita sai an sauke kalifar, an tsiyaye man, an kuma shirya sauya robobin. A ƙofar gida, yara na kai-komo? A'a.

Sukurin nan rami ne a cikinsa, shi ya sa yake karyewa farat ɗaya. Na taɓa karya nawa, guntun ya tsaya daidai da fuskar ƙarfen. Mai walda na iya liƙa noti a kai ya murɗo shi, amma in haƙoran suka lalace mai zai riƙa tsattsafowa. Ni kasuwar kayan mota ta Ladipo na nufa da tsohuwar kalifar a leda, na gwada da wata. In za ka sayi wata, ka tabbata ta ɓangaren ce, hagu ko dama, sukurin ya kalli sama, ka kuma sa a kwance shi a gabanka kafin ka biya.

In bututun ƙarfe na man birki ne ya murɗe, sabo za ka sa, ban da faci. Zuba man birki DOT 3 ko DOT 4 yadda murfin tankin man ya nuna, fitar da iska, in feda na nutsewa kar motar ta hau titi.