Gilashin ido na hannu da na saya wa na'urar hangen nesa

Jama'a wanga gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake sa wa na'urar hangen nesa a leƙa ta cikinshi, samfurin Plössl mai 25mm, sati ukku ke nan ina amfani da shi, na hannu ne, wajen wani bawan Allah nan cikin garin Sakkwato na saye shi kusan rabin kuɗin sabo, kuma gaskiya ban yi da-na-sani ba.

Kafin in biya sai da na haska fitilar waya ta ƙasanshi na leƙa, don abin da nika tsoro shi ne fumfuna cikin gilashi, wadda ke yaɗuwa kamar saƙar gizo, in ta ci rufin gilashin to babu gyara. Ƙura ce kawai na gani, ta hunturu, sai ɗan ƙarce guda can gefe wanda ba ya hana gani. Ƙurar ma kar ka goge da bakin riga don Allah, yashi ne, hure ta za ka fara yi.

Ka auna bakin na'urarka inda ake sa gilashin idon tukuna, tawa inci 1.25 ce, akwai masu inci 2 da tsofaffi masu 0.965, in bai shiga ba ka yi asara.

Na'urata 900mm ce, wato tsawon da haske ke bi kafin ya taru wuri guda, ka raba da 25 na gilashin ido ya ba ka ninki 36 na girman abin da kake kallo. Daren farko bayan Isha'i na ɗora shi kan wata, ramukan nan sunka fito tar, har yarana suna rige-rigen leƙawa. Gefe-gefe taurari na ɗan miƙewa kaɗan, amma tsakiya fes.

Robar da ake jingina ido ce ta tsage, ita nika nema yanzu.