Halojin, HID ko LED: Wanne Ya Dace da Fitilar Motarka?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya. Yana da Corolla ƙirar 2006 'yar Amurka, fitilarta ta yi rauni, rewaya ya cire ƙwayayen da suka zo da ita ya sa masa LED. Yanzu gaban motar fari fat, amma duk wanda ya taho sai ya yi ta ƙyafta masa fitila alhali a dim yake, shi kuma bai ga ya ƙara hango nesa ba. Yana so ya sani: ya koma halojin, ya gwada HID, ko ya nemi LED mai tsada?

Malam, ka koma halojin, sannan ka gyara abubuwa uku da suka rage maka haske tun farko. Masu ƙyafta maka fitila suna da gaskiya, idonsu kake dallewa.

Fitilar mota ba ƙwai kaɗai ba ce. Bayan ƙwan akwai kwano mai sheƙi wanda aka sassaƙa gida-gida, kowane gida yana ɗaukar haske daga wuri guda ya jefa shi inda aka tsara a kan kwalta. Wurin nan guda shi ne zaren ƙwan halojin, ɗan ƙarfe murɗaɗɗe da tsawonsa bai wuce kimanin milimita 5 ba. Duk wanda ya taɓa saita dish ɗin tauraron ɗan'adam ya san da zarar kan ya goce kaɗan daga tsakiya, hoto ya ɗauke. Haka kwanon fitila yake: idan tushen hasken ya matsa da milimita ɗaya ko biyu, ko siffarsa ta canza, hasken da ya kamata ya sauka nesa a kan hanya sai ya tashi sama, ya shiga idon mai zuwa. Da wannan za a auna ƙwayayen uku, ba da farin da ido ke gani ba.

Motarka tana amfani da ƙwai mai lamba 9006 a dim da mai lamba 9005 a ful. Na dim wat 55 ne, yana ba da lumen kusan 1,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Na ful wat 65, lumen kusan 1,700. Sauran motocin da suka yi yawa a hanyoyinmu za ka tarar da H4 mai zare biyu, wat 60 da 55, ko H7 mai lumen kusan 1,500, ko H11. Duk waɗannan halojin ne. Launinsu ja-ja ne, wajen kelbin 3,200 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske), kuma su ne mafi ƙarancin haske da gajeren rai cikin ukun, awa ɗari biyar zuwa dubu. Amfaninsu shi ne domin su aka ƙera kwanon. Haskensu kaɗan ne amma kusan duka yana sauka inda ake bukata, ba su da wata na'ura da za ta lalace, kuma idan ɗaya ya ƙone tsakanin Zariya da Funtuwa za ka samu madadinsa a tasha.

HID, wanda ake kira zenon, ba shi da zare. Wuta ce ke tsallakawa tsakanin tsinke biyu cikin iskar gas, sai an haɗa masa wata na'ura, balas, da ke harba sama da bolt 20,000 kafin ya kama, kuma yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya cika haske. Na kamfani, irin D2S, wat 35 kawai yake ci amma yana ba da lumen kusan 3,200 a kelbin 4,300, ya ninka ƙwanka na dim sau uku, yana kuma kai awa dubu biyu ko fiye. BMW ce ta fara fito da shi a 1991. A fitilar da aka yi dominsa haskensa ba shi da abin kushewa. Amma wutarsa lanƙwasasshiya ce, ta fi ƙarfi a bakunanta biyu, shi kuwa zaren halojin miƙaƙƙe ne, ya fi ƙarfi a tsakiya. Ka sa shi a kwanon Corolla, ka ninka haske sau uku ka watsa shi ko'ina. Cikin zaɓin da ka lissafa, wannan ne ya fi cutar da jama'a. Ko a Turai, inda fitilar ta asali ce, ƙa'ida ta ce duk dim da ya haura lumen 2,000 sai an haɗa shi da na'urar da ke daidaita tsayin haske da kanta da kuma abin wanke gilashin fitila, domin ƙura kaɗan a kan gilashi ta isa ta warwatsa irin wannan haske. Na kwali da ake sayarwa a kasuwa ba ya zuwa da ko ɗaya. Waɗanda aka rubuta wa 8000K ko 10000K kuwa, lambar launi ce ba ta ƙarfi ba. Gwargwadon shuɗinsu, gwargwadon raguwar haskensu.

LED iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai wanda ya zo da mota daga kamfani, inda aka ƙera ƙwai da kwano da abin sanyaya shi tare; ya fara fitowa a Lexus LS 600h wajen 2007, yanzu har ƙananan motoci suna da shi. Wannan yana da kyau, yana kamawa nan take, yana daɗewa. Sai kuma irin wanda aka sa maka, ƙwan da aka yi wa gindi irin na halojin don ya shiga raminsa. Zaren halojin yana haskawa ta kowane ɓangare. Shi kuwa wannan ƙananan ƙwayoyi ne manne a fuska biyu na wani faifan ƙarfe, suna haska dama da hagu, sama da ƙasa babu. Idan faifan ya yi kauri, ƙwayoyin sun yi nisa da tsakiya. Idan ƙwayoyin sun fi zaren tsawo ko faɗi, sun fita daga wurin da kwanon ke kallo. Masu fuska huɗu da masu ƙwaya ɗaya babba sun fi kowanne ɓaci, ko da kuwa a kwalinsu an rubuta lumen 20,000, adadin da ƙwai mai wat 25 ko 30 ba zai iya bayarwa ba.

Abin da ya sa kake ganin gabanka fari amma ba ka hango nesa shi ne, hasken ya taru a mita goma ko ashirin na farko. Ido yana daidaita kansa da wuri mafi haske, don haka can gaba, inda rami ko saniya ko mai babur marar fitilar baya yake, sai ya ƙara yi maka duhu. Launinsa ma, kelbin 6,000 zuwa 6,500, ya fi ja-ja sukar ido. A hazon hunturu ko cikin ruwan sama, hasken da ya tashi sama yana bugun ƙura da ɗigon ruwa ya dawo maka, ka zama kai ma kana dalle kanka. Ga kuma zafi: LED ba ya son zafi, shi ya sa ake sa masa 'yar fanka a baya. Ƙurarmu tana toshe ta, ta fara ƙara, ta tsaya, haske ya ragu ko ƙwan ya mutu. A motocin da ke da murfin roba bayan fitila, sau da yawa fankar ba ta barin murfin ya rufu, sai rewaya ya jefar da shi, ƙura da ruwa su shiga su ɓata sheƙin kwanon, wanda ba ya gyaruwa. Wasu motocin Amurka kuma suna kunna fitilar rana ta ƙwan nan da rabin wuta, abin da ke sa LED rawa, yana kuma kashe balas ɗin HID.

Mai tsadar fa? Ya fi dama-dama, gaskiya. Na Osram da Philips faifansu siriri ne, ƙwayoyinsu sun yi kusa da girman zare. A 2020 Jamus ta amince da wani ƙwan LED na Osram mai gindin H7, amma a jerin motoci ƙayyadaddu da aka gwada fitilarsu ɗaya bayan ɗaya, domin ƙwan da ya yi daidai a wannan kwano yana iya watsewa a wancan. Ingila kuwa tun 2021 motar da aka sa wa LED ko HID a fitilar halojin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da tsofaffin motoci. Idan lalle farin haske kake so, hanyar da ta dace ita ce a canza fitilar gaba ɗaya zuwa mai ƙwayar gilashi a ciki, wadda masu gyara ke kira furojekta. Tana da wani ƙarfe a ciki da ke yanke haske a miƙe, duk abin da ya haura layin ya tare shi. Ita ma sai mai kyau, don akwai na ado da haskensu bai kai na asalin motar ba.

Yanzu abubuwa ukun da suka rage maka haske. Na farko gilashin fitila. Roba ce, rana tana cinye fatarta ta koma rawaya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna a 2018 ta tarar fitilar da ta dushe tana ba da kashi 22 cikin ɗari kacal na hasken sabuwa. A manna tef a kan fentin da ke kewaye, a goge da sanfefa da ruwa, daga lamba 800 zuwa 1500, 2000, 3000, kowane mataki a juya hannu, a bi da man goge fenti, sannan a fesa ruwan kariya mai tare hasken rana. In aka tsallake feshin nan, cikin 'yan watanni za ta koma yadda take. Man goge baki da man birki da ake shafawa kwalliyar kwana kaɗan ce, man birkin ma yana cin robar.

Na biyu wuta. A tayar da inji, a kunna fitila, a auna kan batir: ya kamata a ga bolt 13.8 zuwa 14.4. A sake aunawa a soket ɗin ƙwan yana kunne. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, akwai tsatsa a soket, ko wayar da aka ɗaure a jikin mota ta saki, ko makunnin ya gaji. Halojin yana jin wannan ƙwarai: wuta ta ragu da kashi 5 cikin ɗari, haske ya ragu da kusan kashi 15. Magani shi ne a kankare tsatsar, in bai isa ba a ja waya mai kauri daga batir ta bi ta fiyus da rile. Kada a ce za a rama da ƙwai mai wat 100. Yana jan kusan ninki biyu na wuta, yana narkar da soket, yana ƙona sheƙin kwano. Haka ma dabarar fere kunnen 9005 a cusa shi a ramin 9006: na dim yana da baƙar hula a kai da ke tare hasken da ke fita kai tsaye, na ful ba shi da ita. In ana son ƙari, a sayi halojin na asali mai alamar +100 ko makamancinsa, wat ɗaya ne amma zarensa ya fi matsewa, sai dai ya fi saurin ƙonewa. Mai shuɗin gilashi kuwa shuɗin tace haske yake yi. A canza ƙwan dama da na hagu tare, kuma kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi ya kumbura.

Na uku saiti, wanda kusan ba wanda ke yi, alhali ko sisi ba ya ci. A samu fili shimfiɗaɗɗe da bango, da daddare, tayoyi da iska daidai, direba a zaune. A auna tsayin tsakiyar ƙwan daga ƙasa, a ja layi a bango daidai wannan tsayi. A ja da baya mita 10. Saman hasken dim a gefen hagu ya sauka ƙasa da layin da kimanin santimita 10; fitilun Turai ma suna da rubutun 1% ko 1.2% a jikinsu, shi ke nufin haka. Nokin saitin yana bayan fitila, sukudireba ko ƙaramar sifana ke juya shi. A rufe fitila ɗaya da kwali a saita ɗayar. Wannan bangon shi ne kuma alƙalin LED ɗinka: ka haska shi kafin ka cire, za ka ga ba shi da layi a sama, haske ne kawai ya bazu har saman bango. In wani ya dage sai ya bar nasa, aƙalla ya juya ƙwan ƙwayoyin su kalli dama da hagu, faifan a tsaye, ya duba ko layin zai fito; in bai fito ba ya cire.

Akwai wata matsalar da ta shafi masu motar da aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana a 1974, Nijar dama can a dama take. Fitilar ƙasashen da ke bin dama tana ɗaga haske a gefen dama don a ga bakin hanya. Motar da aka ƙera wa Ingila ko Japan tana ɗaga nata a hagu, wato tsakiyar fuskar mai zuwa. Ana canza sitiyari a manta da fitila, kuma wannan ba saiti ke gyara shi ba, sai an canza fitilun biyu. Haka mai lodin buhuna a but ko fasinja cike a baya: baya ya zauna, gaba ya ɗaga, dim ya zama ful. Motocin Turai da yawa suna da ɗan maɓallin murzawa mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari domin wannan. Babu kaya a bar shi a 0, kaya sun yi nauyi a kai shi 2 ko 3.

Idan kuma kai ne aka dalle wa ido, kada ka rama da ful, don makafi biyu ne za su tunkari juna, kuma mota a gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ka ƙyafta sau ɗaya, ka rage gudu, ka mayar da ido gefen dama na kwalta. Ka goge gilashin gaba ta ciki, inda maiƙo da ƙura ke taruwa su mayar da kowace fitila wata ƙatuwar da'ira, ka danna ɗan harshen da ke ƙasan madubin tsakiya saboda masu binka a baya. Tabarau mai ruwan ɗorawa da ake tallatawa don tuƙin dare rage hasken da ke shiga ido yake yi, ba ya ƙara gani. Wanda kuma ya haura hamsin ya ga kowace fitila tana yi masa zobe ko da gilashinsa tsaf yake, ya je asibitin ido a duba shi, domin yanar ido takan fara da haka.