Jirgin ƙarƙashin ƙasa: gudu akwai, amma ba ya cika alkawari

Na daɗe ina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin da nake aiki, safe da yamma, kuma ra'ayina a kansa ya rabu biyu. Ranar da komai ya tafi daidai, babu abin hawan da ya kama ƙafarsa. Motoci na can sama sun cushe a kan titi, kai kuwa ka ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan kafin mai mota ya wuce mahaɗa uku. Ruwan sama bai dame ka ba, neman wurin ajiye mota bai dame ka ba. Taragun ba laifi wajen tsabta, kuma yawancin ma'aikatan da ke bakin ƙofa mutanen kirki ne masu haƙuri da jama'a. Wannan yabo ne da ya cancanta, ba zan tauye shi ba.

Abin da ya ishe mu, mu masu shigarsa kullum, shi ne rashin tabbas. Da za a ce min tafiyar nan minti 40 ce kullum, da na shirya rayuwata a kan haka na huta. Amma yau minti 25, gobe ta haura awa guda, kuma ba abin da zai nuna maka wace irin rana ce ta waye maka sai ka riga ka sauka cikin tasha. Allon da ke rataye a kan dandamali ya ce saura minti 3, ka ɗaga kai bayan wani lokaci ka ga har yanzu 3 ɗin ce, can sai rubutun ya ɓace gaba ɗaya. Na kusa da kai ya ja tsaki ya ce, "Yau kuma mene ne?" Wani ya amsa masa, "Sigina ce mana, kamar kullum."

Wannan magana ta matsalar sigina ta dame ni har na nemi sanin abin da take nufi, kuma abin da na fahimta ya rage min fushi da direbobi. A tsohon tsari, ana yanka layin dogo gida-gida, kuma ba a yarda jirgi biyu su kasance a gida ɗaya ba. Akwai 'yar wutar lantarki da ke bin ƙarafan layin guda biyu. Da zarar jirgi ya shiga, ƙafafunsa na ƙarfe sun haɗa ƙarafan biyu, sai fitilar da ke bayansa ta koma ja. Wani Ba'amurke mai suna William Robinson ne ya fito da wannan dabara a 1872, kuma har yau ana aiki da ita a wurare da yawa. An tsara ta ne yadda idan waya ta tsinke, ko ruwa ya taru, ko wani guntun ƙarfe ya faɗa inda bai kamata ba, fitilar za ta nuna ja ko da babu jirgi a wurin. Dole direba ya tsaya, ya nemi izini daga ɗakin kula da zirga-zirga, sannan ya lallaɓa a hankali har ya wuce wurin. Duk jiragen da ke biye da shi haka za su yi ɗaya bayan ɗaya. Ka ga kenan waya ɗaya tak ta isa ta tsayar da dubban mutane.

Ban ga laifin wannan taka-tsantsan ba. Gara a makara da a yi karo a cikin rami. Laifin da nake gani shi ne a bar kayan aiki su tsufa har lalacewarsu ta zama ruwan dare. Landan ce ta fara buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1863, amma tsufan bai hana ta sabunta wasu layukanta ba: tun 2017 layin Victoria yake tafiyar da jirage 36 a awa guda a lokacin cunkoso, wato jirgi ɗaya kusan kowane daƙiƙa 100. A sabon tsari, kwamfuta ce ke bin diddigin inda kowane jirgi yake da irin gudun da yake yi, shi ya sa ake iya matso da su kusa da juna ba tare da haɗari ba. Faris, babban birnin Faransa, ta buɗe layi na 14 marar direba a 1998, daga baya ta mayar da layi na 1, wanda ya fi kowanne tsufa a birnin, zuwa irin wannan tsari ba tare da ta rufe shi gaba ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga New York, inda wasu na'urorin sigina suka samo asali tun shekarun 1930, har ta kai gwamnan jihar na lokacin, Andrew Cuomo, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan jiragen a watan Yunin 2017. Gyaran yana yiwuwa, kuɗi da niyya yake bukata, kuma duk birnin da ya yi ta ɗage shi, fasinja ne ke ɗaukar nauyin.

Mu fasinjoji ma ba mu fita ba. Mutum zai taho da gudu ya cusa jakarsa tsakanin ƙofofi don kada jirgi ya bar shi, alhali wani na tafe a baya. Ƙofa ta buɗe, ta sake rufewa, an yi asarar daƙiƙa 15 ko 20. Jirgin da ya makara kaɗan zai tarar da mutane sun fi yawa a tasha ta gaba, sai ya ƙara daɗewa wajen ɗiba, sai ya ƙara makara. Na bayansa kuwa ya tarar da dandamali fayau, ya yi ta matsowa har ya cim masa. Shi ya sa za ka yi dogon jira, jirgi ya zo maƙil ba masaka tsinke, sannan wasu biyu su biyo shi a jere kusan babu kowa a ciki. Sharar da ake jefawa kan layi ita ma tana kama wuta idan ta taɓa ƙarfen da ke ɗauke da lantarki, kuma hayaƙi kaɗan a rami ya isa a tsayar da komai.

Amma babban ƙorafina shi ne ɓoye gaskiya. Masu gudanar da jirgin sun san layi ya tsaya tun kafin ni in sani. Me zai hana a rubuta a bakin ƙofar shiga, tun kafin mutum ya ɗora katinsa a cire masa kuɗi ya gangara ƙasa? Da na gani a sama, da na nemi bas ko na taka da ƙafa. A maimakon haka sai ka biya, ka sauka, ka tarar da dandamali cike har bakin matakala. Manhajar da ke wayarka kuma tana nan tana cewa komai lafiya. Mafi muni shi ne tsayuwa a tsakiyar rami. Iska ta yi nauyi, zafi ya taso, waya ba ta kamawa balle ka sanar da wanda ke jiranka, yara sun fara kuka, kuma lasifika shiru. Idan ta yi magana ma, "muna ba da haƙuri, za mu tashi nan ba da jimawa ba" ne kawai. Na lura duk ranar da aka dace da direban da ya fito fili ya ce jirgin gabanmu ƙofarsa ce ta ƙi rufuwa, ana sauke mutane, za mu yi kamar minti 10, nan take tarago ke lafawa. Mutane na iya jure jira idan sun san dalilinsa da iyakarsa.

Kuma ba kowa ne jinkirin ke yi wa ciwo iri ɗaya ba. Mai aikin ofis zai iya tura saƙo ya ce yana hanya. Mai gadi, da mai shara, da ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi wata da ta kwana tana aiki, da uwar da za ta ɗauko ɗanta kafin a rufe makaranta, su ba su da wannan gata. Wasu ana yanke musu albashi, wasu ana rubuta musu gargaɗi. Don gudun haka sai su riƙa fita da wuri sosai kullum, kuma wannan lokacin daga barcinsu da zaman iyalinsu ake yankarsa, ba a kuma lissafa shi a kowane rahoto. Ga mai keken guragu ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, lif ɗin tasha ya lalace daidai yake da an rufe tashar baki ɗaya. A Japan kamfanonin jirgi na ba fasinja takardar shaidar jinkiri ya nuna a wurin aiki ko makaranta. A Landan kana iya neman a mayar maka da kuɗinka idan jinkirin ya kai minti 15 kuma laifin daga wajen masu gudanar da jirgin ne. Waɗannan ba wasu abubuwa ne masu wuya ba, kuma suna nuna an ɗauki lokacin mutum da daraja.

Alƙaluman da ake liƙawa a tasha na cewa yawancin jirage sun zo a kan lokaci ba sa gamsar da ni. Ana haɗa jirgin tsakar rana da ya tafi rabinsa wayam da na ƙarfe 8 na safe da ke ɗauke da ɗaruruwan mutane, a ƙirga kowanne ɗaya. Ma'aunin da nake so in gani shi ne ƙarin mintunan da fasinja ya ɓata a kan dandamali da cikin tarago, layi-layi, awa-awa.

Rufe layi a ƙarshen mako don gyara kuwa na yarda da shi. 'Yan awoyin da ke tsakanin jirgin ƙarshe na dare da na farko na asuba ba sa isar injiniyoyi su sauya layin dogo ko na'urorin sigina. A dai sanar da wuri, a kuma samar da isassun bas-bas da za su maye gurbi, ba guda biyu-uku da za a yi ta turereniya a kansu ba.

Zan ci gaba da shigarsa, kuma baƙon da ya zo yawon buɗe ido ko mai tafiyar da ba ta gaggawa ba, ina ba shi shawarar ya shiga hankali kwance. Wanda kuwa zai je jarrabawa, ko ganin likita, ko filin jirgin sama, ya ƙara wa kansa aƙalla rabin awa, ya kuma san lambar bas ɗin da ke bin hanyarsa tun kafin ya bar gida.