Tangaran na Xuande ko na Kangxi?

Duka biyun a garin Jingdezhen na ƙasar Sin aka gasa su, shuɗin zane a kan farar ƙasa, amma ido ba ya ruɗewa tsakaninsu.

Na zamanin Sarki Xuande (1426–1435) shuɗinsa mai duhu ne. Ma'adinin kobalt mai ba da shuɗin, da aka shigo da shi daga waje, yana da ƙarfe da yawa, sai ya bar ɗige-ɗige baƙaƙe inda tawada ta taru. Adonsa na fada ne: dodo mai farce biyar, alamar sarki, yana ratsa gajimare ko igiyar ruwa, da furen bado mai nuna tsarki.

Na zamanin Sarki Kangxi (1662–1722) kuwa da kobalt na gida aka yi shi, tataccen gaske, shuɗi garau. Mai zane kan sirka shi daga mai kauri zuwa tsararo, har duwatsu su yi nisa da kusa. Ga kuma adon furen fulam, wani itace mai 'ya'ya, kan tsagaggiyar ƙanƙara, albishir ɗin wucewar hunturu. Irinsa ya cika jiragen fatake zuwa Turai.

Ni dai na Xuande ya fi kama mini zuciya, saboda ɗige-ɗigen nan. Mai saye ya kula: wasu kwanonin Kangxi hatimin Xuande ne a gindinsu.