Lesin ɗin tarihi na yamma a Samaru, ra'ayina

Jama'a masu neman wajen lesin na tarihi a Zariya, akwai wani a Samaru kusa da kasuwa, ƙanena ke zuwa nima nakan zauna. Gaskiya malamin ya san aikinsa wallahi.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na George Washington, shugaban Amurka na farko da ya hau mulki a 1789. Malam ya zana taswira a allo ya nuna mana yadda aka sa ƙasar a tsakiya, Ingila ta ƙi janye sojojinta daga sansanoni irin su Detroit, Sifen na riƙe da New Orleans ta tare wa manoma hanyar kogin Mississippi, ga kuma 'yan asalin ƙasar da ke kare gonakinsu har suka ragargaza rundunar Amurka da Janar St. Clair ke jagoranta a 1791, sojoji sama da 600 suka mutu. Nan ya daɗe sosai, kuma bai ɓoye cewa ƙasar 'yan asalin ake ƙwacewa ba, abin ya taɓa ni. Da Faransa da Ingila suka kaure da yaƙi a 1793 Washington ya ce shi ɗan ba-ruwanmu ne, sai yarjejeniyar Jay, wato wadda Amurka ta ƙulla da Ingila a 1794, da Amurkawa suka yi ta zagi.

Matsalar kawai ɗakin ya yi ƙanƙanta, in an ɗauke wuta zafi ba magana, kuma handawut ɗin duk Turanci ne duk da bayanin da Hausa yake yi. Kuɗin da sauƙi. Ku je da wuri bayan la'asar don benci na cika.